Bitil: Motar 1938 Da Ta Tsufa A Hannunmu

Edita ya nemi in rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa, ya ce kada ya zama na sarakuna ko na yaƙe-yaƙe, don an sha yin waɗannan. To, na zaɓi in yi magana a kan mota, kuma motar da duk wanda ya yi makaranta a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tsakanin 1965 zuwa 1990 ya san ƙararta tun kafin ya hango ta. Ina nufin Volkswagen ƙirar Bitil, wadda Yarabawa suka sa wa suna Ijapa, wato kunkuru, saboda ƙusumbin bayanta.

Yawancinmu mun ɗauke ta motar malaman makaranta da malaman gona, ba mu taɓa tambayar asalinta ba. Alhali kuwa siffar da muka sani an kammala ta ne a Jamus tun 1938, shekara guda kafin Yaƙin Duniya Na Biyu, kuma saura ƙiris ta mutu tare da gwamnatin da ta haife ta.

Jamusawa dai ba baƙi ba ne a sha'anin mota. Ranar 29 ga Janairu 1886 wani injiniya mai suna Carl Benz, mazaunin garin Mannheim, ya yi rajistar wata 'yar mota mai ƙafa uku, mai silinda ɗaya, wadda ƙarfinta bai kai na doki guda ba, gudunta kuma bai wuce kilomita 16 cikin awa ba. A watan Agusta 1888 matarsa Bertha ta ɗauki irin wannan mota da 'ya'yanta biyu, ba tare da sanin maigidan ba, ta yi tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa Pforzheim ganin mahaifiyarta, tana sayen mai a kantin magani don babu gidan mai ko ɗaya a duniya. Motar Benz ta farko tana nan har yau a gidan tarihi na Deutsches Museum da ke Munich, shi da kansa ya ba da ita kyauta a 1906. Amma duk da wannan riga-kafi, har zuwa 1930 mota a Jamus kayan masu hannu da shuni ce. Ma'aikaci sai keke, in ya ji daɗi ya sayi babur. A Amurka kuwa Henry Ford ya riga ya cika ƙauyuka da motarsa Model T.

Saboda haka injiniyoyi da dama suka duƙufa neman ƙaramar motar talaka, wadda da Jamusanci ake kira Volkswagen, wato motar jama'a. Ya kamata a faɗi wannan, domin an saba jingina komai ga mutum ɗaya. Akwai Béla Barényi da ya zana irin wannan tsari tun 1925 yana ɗalibi. Akwai Hans Ledwinka na kamfanin Tatra a ƙasar Cekosulobakiya, wanda motocinsa masu inji a baya suka yi kama da Bitil ƙwarai, har bayan yaƙi sai da Volkswagen ya biya Tatra diyya. Akwai kuma Josef Ganz, Bayahude, wanda ya fito da wata 'yar mota mai suna Standard Superior a 1933, amma zaman Jamus ya gagare shi a ƙarƙashin Hitila, ya tsere Suwizalan a 1934, ya rasu a Ostareliya a 1967 kusan ba wanda ya san da shi. Wanda rabo ya rantse a kansa shi ne Ferdinand Porsche, wanda ya buɗe ofishin zanen motoci a Stuttgart a 1931, ya kuma gwada ƙera wa kamfanonin babura na Zündapp da NSU ƙananan motoci, amma duka biyun suka janye kafin a kai kasuwa.

Da Hitila ya hau mulki a 1933 sai ya ga akwai riba ta siyasa cikin wannan magana. Ranar 22 ga Yuni 1934 aka sa hannu a kan kwangila da Porsche, da sharuɗɗa masu tsauri: motar ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi kilomita 100 cikin awa, kada ta sha fiye da lita 7 a kilomita 100, kuma kuɗinta kada ya kai mak dubu. Daga baya aka tsayar da farashi a mak 990. Kamfanonin motoci na Jamus sun san ba za a iya sayar da mota a wannan farashi a ci riba ba, sai suka yi ta jan ƙafa, har gwamnati ta gaji ta miƙa aikin ga ƙungiyar ƙwadago ta jam'iyyar Nazi, wadda ta kafa kamfanin a watan Mayu 1937.

Motocin gwaji na farko a garejin gidan Porsche aka haɗa su. A ƙarshen 1936 aka ɗauki guda uku aka yi ta azabtar da su dare da rana, kowace ta yi kimanin kilomita dubu 50. A 1937 kamfanin Daimler-Benz, masu Marsandi, ya ƙera wasu 30 da aka sa wa lamba W30, aka ba dakarun SS su tuƙa, suka haɗa sama da kilomita miliyan biyu a tsakaninsu. Ba a taɓa gwada mota haka ba kafin wannan lokaci, kuma a ganina nan ne sirrin ƙarkon da muka gani a kan hanyoyinmu shekara arba'in bayan haka. Waɗannan 30 ɗin ba su da gilashin baya ko kaɗan, sai wasu tsage-tsage na shan iska. Sai a 1938, cikin wasu 44 da aka kira VW38, aka sa 'yar tagar baya mai rabe biyu, ƙofofi suka koma buɗewa irin na yau, siffar ta zauna. Erwin Komenda ne ya zana bodin, Franz Xaver Reimspiess kuma ya tsara injin. In ka ajiye hoton VW38 kusa da motar da muka riƙa turawa a bakin ofishin firinsifal, yaro ma zai ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Ranar 26 ga Mayu 1938 Hitila ya aza harsashin masana'anta kusa da wani gari mai suna Fallersleben, ya kuma raɗa wa motar suna KdF-Wagen, sunan shirin nishaɗin ma'aikata na jam'iyyarsa. Nan kuma aka shigo da abin da ni nake kira adashi mafi muni a tarihin mota. Aka ce duk mai son mota ya riƙa zuba mak 5 kowane mako, ana manna masa kan sarki a kati. Mak 990 a biyar-biyar mako 198 ke nan, wato kusan shekara huɗu. Babu ruwa a kan kuɗin, kuma in ka yi fashin zubi kana iya asarar abin da ka tara. Mutum sama da dubu 336 suka shiga. Ko ɗaya daga cikinsu bai karɓi mota ba. Yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939, kuɗin kuma da ke ajiye a wani banki a Balin suka salwanta da faɗuwar birnin a 1945. Bayan yaƙi masu zubi suka kai ƙara, aka yi ta shari'a har 1961 kafin a sasanta: ko a rage maka mak 600 in za ka sayi sabuwar Bitil, ko a ba ka mak 100 a hannu ka yi gaba. Duk wanda uwar adashi ta taɓa gudu da kwasarsa ya san yadda waɗannan mutane suka ji.

A daidai wannan lokaci, cikin Janairu 1939, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam na edita, kuma cikin manyan ayyukanta har da ƙaryata farfagandar Jamus. Iyayenmu da suka sha jin sunan Hitila a jarida da bakin mawaƙa, wasunsu ma aka kwashe su soja zuwa Habasha da Bama, ba su san wata rana 'ya'yansu za su ci bashin gwamnati su sayi motarsa ba.

Lokacin yaƙi masana'antar ta koma aikin soja. Aka ɗora wa ƙashin Bitil wani bodi mai kama da bokiti aka kira shi Kübelwagen, aka ƙera kimanin dubu 50, da wata mai iyo a ruwa, Schwimmwagen, sama da dubu 14. Kübelwagen ta yi aiki a hamadar Libiya da Masar tare da rundunar Rommel, ta kuma yi a ƙanƙarar Rasha, kuma a wurare biyun abin da ya cece ta shi ne ba ta da lagireto, babu ruwan da zai tafasa ko ya daskare. Bitil ta farar hula kuwa ɗari shida da 'yan kai kawai aka yi, manyan jam'iyya suka rabe. Akwai kuma abin da bai kamata a tsallake ba. Mutum kimanin dubu 20 aka tilasta wa aikin bauta a wannan masana'anta, fursunonin yaƙi da matan da aka kamo daga Polan da Rasha da Yahudawa daga sansanonin gwale-gwale, da yawa kuma a can suka mutu, har da jariran da aka raba da iyayensu mata. Kamfanin da kansa ya amsa wannan daga baya, ya buɗe wurin tunawa da su a cikin masana'antar. Ina son motar, amma ba na son a ba da labarinta a ɓoye wannan.

To, ina motocin farkon suka shiga? A 1942, da ƙarfe ya yi wuya, aka ba da umurni a farfasa W30 ɗin nan. An daɗe ana zaton babu wadda ta tsira. Ashe ƙashin guda ɗaya, mai lamba 26, ya kuɓuta, domin an riga an cire masa bodinsa an ɗora masa na soja don gwaji. Ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya ɓulla a Ostiriya, wani mai tara tsofaffin Volkswagen a garin Hessisch Oldendorf na Jamus ya same shi, ya tara maƙera da masu walda suka shafe shekaru suna sake gina bodin daga tsofaffin hotuna da zane. Yau motar tana tafiya da ƙafarta, kuma ita ake ɗauka Bitil mafi tsufa a duniya. Wata kuma daga cikin 44 ɗin nan na 1938 sai bayan kimanin shekara saba'in aka gano ta a ƙasar Lituweniya, an yi mata faci da kayan wasu motoci har ta kusa fita kamanninta, lambar da aka buga a jikin ƙarfenta ce ta tona asirinta. Ita ma an gyara ta tana wannan gari. A gidan tarihin kamfanin da ke Wolfsburg akwai buɗaɗɗiya ta 1938, da kuma motar gwajin da Porsche ya yi wa NSU. Abin lura a nan shi ne, biyun farko ba gwamnati ce ta adana su ba. Sun rayu ne don wasu mutane sun ci gaba da moron su, suna faci suna hawa, kamar dai yadda kanikawanmu ke yi.

Ita kanta masana'antar wani Bature ɗan Ingila ne ya cece ta. Da aka gama yaƙi yankin ya faɗa hannun sojan Ingila, garin aka sake masa suna Wolfsburg, rufin masana'anta duk bom ya huda. A watan Agusta 1945 aka turo Manjo Ivan Hirst, saurayi ɗan shekara 29, ya kula da wurin. Ya samo Bitil guda, ya sa aka yi mata fenti kore irin na soja, ya kai wa manyansa suka gani. Da ma suna fama da ƙarancin motoci, sai suka ba da odar dubu 20. Ya zuwa Maris 1946 ana fitar da mota dubu a wata. An yi wa masu kamfanonin motoci na Ingila tayin masana'antar suka raina motar, suka ce ta cika muni da ƙara. An yi wa Ford tayi a 1948, shi ma ya ƙi. A Janairun wannan shekara aka naɗa Heinrich Nordhoff shugaba, a 1949 Ingilishi suka miƙa kamfanin ga Jamusawa. Ranar 5 ga Agusta 1955 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Ranar 17 ga Fabrairu 1972 aka fitar da ta 15,007,034, ta shige Model T ta Ford ɗin da ya ƙi ta. Abin da aka raina shi kan tsone ido.

Mu dawo gida. Duk Bitil ɗin da ta shigo Nijeriya bayan yaƙi aka ƙera ta, kamfanin Mandilas kuma shi ne dillalinta da aka fi sani. Amma lokacin da ta cika gari shi ne bayan 1975. Abubuwa uku suka haɗu. Na farko kuɗin man fetur da ariyas ɗin Udoji da aka biya ma'aikata a farkon 1975. Na biyu, a shekarar ce aka fara haɗa Volkswagen a Ojo, kan hanyar Badagiri a Ikko, aka kuma buɗe kamfanin Fijo a Kaduna. Na uku shirin ilmin firamare kyauta, UPE, da aka ƙaddamar a Satumba 1976, wanda ya sa aka buɗe makarantu da kwalejojin horon malamai barkatai, aka ɗauki malamai har daga Indiya da Pakistan da Gana da Filifin. Ma'aikacin da ya kai wani mataki yana da haƙƙin rancen mota, ana cira daga albashinsa a hankali. Babban ma'aikaci ya ɗauki Fijo 504, wanda ya fito daga jami'a jiya kuma ya ɗauki Bitil. Ta haka ne muka riƙa gane matsayin malami tun daga bakin ƙofar makaranta. A Ojo ɗin an haɗa wata 'yar uwarta mai suna Igala, wadda asalinta daga Burazil ne, inji iri ɗaya amma bodi mai kusurwa, sai dai ba ta yi farin jinin Bitil ba.

Me ya sa ta dace da ƙasarmu? Wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Ɗandume zuwa Sabuwa da damina a wancan zamani, ko Ƙanƙara zuwa Sheme, ko ya ratse daga titin Gusau ya nufi Daudawa wajen gonar irin auduga, ba ya bukatar dogon bayani. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ƙasar auduga da masara ce, lakarta in ta sha ruwa sai ta riƙe taya kamar danƙo. Bitil injinta a baya yake, nauyinsa a kan tayoyin da ke turawa, don haka tana fita inda motar da ta fi ta tsada za ta kafe. Cikinta shafaffe ne kamar faranti, ba abin da ke reto da kututture zai kama. Maimakon sifirin irin na sauran motoci, sandunan ƙarfe ne a kwance da ke murɗawa su dawo, kuma ba sa saurin karyewa. In ma ta kafe, ɗalibai shida sun isa su ɗaga bayanta su aje a kan tudu. Mun yi wannan ba sau ɗaya ba, kuma ladanmu bai wuce a yafe mana sharar gobe ba.

Injin kuwa silinda huɗu ne a kwance, biyu na kallon biyu, iska ce ke sanyaya shi. Akwai fanka a cikin wani gida na gwangwani, fanbel ɗaya ke juya ta tare da janareto, tana hura iska a kan silindodi da kan abin sanyaya baƙin mai. Shi ya sa dokar farko da kowane mai Bitil ya haddace ita ce, in jar fitila ta kama a gabanka ka tsaya nan take, don in fanbel ya tsinke injin zai ƙone kafin ka kai gari na gaba. Kowa na yawo da safayar fanbel. Baƙin mai lita biyu da rabi kawai take sha, ba ta da matatar mai irin ta yau sai 'yar rariya, saboda haka a ƙurar hunturu dole a riƙa juye shi a kai a kai. Kanikawa sun san silinda ta uku ita ta fi ɗaukar zafi, kuma bawul ɗinta ne ke fara ba da matsala. Noti huɗu ne ke riƙe da injin gaba ɗaya, bakanike da yaransa biyu za su sauke shi a gindin bishiyar darbejiya da safe, su mayar kafin la'asar. Na 1938 ƙarfin doki 23 da ɗoriya ne, waɗanda muka sani, masu lamba 1200 da 1300 da 1500, sun fi shi ƙarfi, amma tsarin bai sauya ba.

Tana da nata halaye na ban dariya. Batir a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma in murfinsa ya ɓace, mutum mai jiki ya zauna, wayoyin kujera suka taɓa kan batir, sai a ji ƙauri. Tankin fetur da safaya taya suna gaba. Ba na mantawa da ranar da wani sabon ɗalibi, da malaminmu na lissafi ya ce ya ɗauko masa littattafai a but, ya zagaya baya ya ɗaga murfi ya ci karo da inji, ya dawo gaba ya ɗaga ya ga ba inji, ya tsaya yana salati. Tsofaffin ciki, na kafin 1961, ba su da ma agogon mai, sai wani ɗan mariƙi a ƙasa wajen ƙafar direba. In mota ta fara shaƙewa sai ka murɗa shi ka samu ragowar lita biyar. Wanda ya manta bai mayar da shi ba bayan ya sha mai, ranar da mai ya ƙare masa tsakanin 'Yankara da Tsafe sai dai ya taka.

Faɗuwarta ba ta zo daga lalacewa ba. A Jamus Golf ta fito a 1974, mai ruwa, mai inji a gaba, aka daina ƙera Bitil mai rufi a can ranar 19 ga Janairu 1978. Burazil ta tsaya a 1986, ta dawo a 1993, ta sake tsayawa a 1996. Ta ƙarshe ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko ranar 30 ga Yuli 2003, ita ce ta 21,529,464. A nan gida kuwa tsarin SAP na 1986 ne ya karya ta. Da darajar Naira ta faɗi, kayan haɗin da ake shigowa da su suka yi tsadar da albashi ba zai kamo ba, rancen mota ya zama labari, aikin Ojo ya yi ta ja da baya har ya tsaya. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, malamin da ke iya sayen sabuwar mota ya riga ya zama abin nema. Daga nan sai 'yan Kwatano suka cika kasuwa, kuma abin mamaki Golf ɗin da ta kashe Bitil a Jamus ita ce ta gaji hanyoyinmu, ita ke jigilar mutane da buhuna tsakanin Funtuwa da Faskari da Ƙanƙara.

Bitil ɗin da suka rage sai aka jingine su a bayan gida, a ɗora a kan duwatsu, kaji su yi ƙwai a ciki. Da an bar su haka da sun daɗe, don busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar ta kudu. Abin da ke cinye su yanzu 'yan gwangwan ne. Ƙarfe ya yi kuɗi, ana sayensa a kan sikeli, kuma magada da ba su san darajar abin ba sukan ga gara a kawar da shi a samu fili. Cikin awa biyu za a yanka mota a loda a kura. Daɗin daɗawa ga rashin tsaron da ya addabi ƙananan hukumomin nan namu uku, wanda duniya ta ji labarinsa daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Mutumin da ya bar ƙauyensu da abin da ya iya ɗauka a ka ba zai tsaya tunanin tsohuwar motar mahaifinsa ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Kanikawan da suka san injin nan su ma suna ƙarewa, yaransu kuma Golf da babur suka koya.

Don haka ga shawarar da nake kawo wa ƙungiya. Mu nemi Bitil guda ɗaya, in da hali wadda wani malamin makarantarmu ya taɓa hawa, mu saya daga magada da farashin da ya fi na sikeli, mu gyara ta, mu ajiye a ɗakin koyon sana'a. Ba don ado kawai ba. Babu injin da ya fi wannan sauƙin nuna wa yaro yadda fistin da bawul da fulogi da kafireto ke aiki, don komai a fili yake, kuma ana iya sauke shi a mayar a cikin darasi biyu. Malamin tarihi ma zai samu abin nunawa in ya zo kan Yaƙin Duniya Na Biyu ko kan zamanin Udoji. Kayan gyara ba su gagara ba, ana samun na hannu a Fanteka ta Kaduna da wajen tsofaffin kanikawan Funtuwa da Zariya, sababbi kuma har yanzu ana ƙera su a ƙasashen waje saboda masu sha'awa. Na san akwai rufin azuzuwa da rijiyar burtsatse a gabanmu, kuma ban ce a taɓa kuɗinsu ba. Wannan aiki ne da mutum goma daga cikinmu za su iya ɗauka a aljihunsu.

Ga wanda zai taya mu nema, akwai alamomin gane shekarunta. In sitiyari yana dama, to ta shigo kafin 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma irin wannan ta fi daraja. In tagar baya rabe take biyu, an ƙera ta kafin Maris 1953. In 'yar ƙarama ce mai siffar ƙwai, tsakanin 1953 da 1957 ne. Mai faɗi kuwa daga Agusta 1957 zuwa sama. Lambar ƙashin motar tana ƙarƙashin kujerar baya, a kan tudun da ya ratsa tsakiya, ta inji kuma tana ƙasan mariƙin janareto. Kada a damu da fenti ko gilashi ko kujeru, duk ana samunsu. Abin dubawa shi ne faranti na ƙasa, musamman wajen batir inda ruwansa ke zuba ya ci ƙarfe, da kuma ko injin yana juyawa in an kama fulin da hannu. In akwai tsofaffin takardu, ko da lambar KD ce ta zamanin Jihar Kaduna, a haɗa da su, kada a yar.

Duk wanda ya san inda wata take jingine, a Ƙanƙara ne ko Faskari ko Sabuwa ko wani gari na kusa, ya kwafi lambobin nan biyu, ya ɗauki hotonta gaba da baya, ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin taronmu na shekara, ya kuma roƙi masu ita su dakata da sayarwa har mu zauna.